Babi na 6: Wayfai Mai Ɓoyayyen Suna

"Idan na ɓoye sunan wayfai ɗin gidana, na huta ke nan da masu shanye mini data? To me ya sa tun da aka ɓoye, tsohuwar kwamfutar shago ta daina kamawa?" Wanda ya saba zama a rumfar masu gyaran waya a Kaura Namoda ko Shinkafi ya san waɗannan tambayoyi biyu. Galibi mutum ɗaya ne ke zuwa da su, ta farko kafin a ɓoye, ta biyu bayan kwana biyu. Tushen amsarsu ɗaya ne, domin duka biyun sun rataya ne a kan yadda rauta da na'urar da ke nemanta suke gane juna.

Dalilin ɓoyewa

Bari a fara da yi wa masu ɓoyewa adalci. A gari irin Gurbin Bore, da ke kan hanyar Zurmi zuwa Jibiya, intanet ba abin wasa ba ne. Mutanen yankin ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umurci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. An buɗe wa Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ƙara makonni cikin shiru. Mai son tura kuɗi ko jin muryar ɗansa sai ya shiga mota ya tsallaka wata jiha. Yau duk wanda ya samu hali yana tanadin hanyarsa. Wani 'yar MiFi ce yake ratayewa inda sabis ya fi sauka, wani rauta ce mai eriya a kan dogon ƙarfe, wani kuma, tun da Starlink ta shigo Najeriya a Janairun 2023, faranti ne a kan rufi da batirin sola a ɗaki. Ga shi a farkon 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari.

Mutum ya kashe wannan kuɗi, sai sunan wayfai ɗinsa ya riƙa fitowa a wayar duk wanda ya gifta ta ƙofar gida. Da la'asar sai ga ɗan maƙwabci a zaure: "Kawu, barka da hutawa. Don Allah a ɗan sa mini wayfai, sakamakon jarrabawa zan duba." Ta ina za ka ce a'a, alhali da ubansa kuke sahu ɗaya a masallaci? Ka sa masa, kafin mako ya zagayo samarin layin duka suna jingine da katangarka suna kallon ƙwallo. A nan ɓoye suna ke da rana. Yaro ya duba wayarsa bai ga komai ba, bai roƙa ba, kai ma ba ka shiga kunyar hana shi ba. Maganin roƙo ne mai kyau, ban raina shi ba. Inda ake faɗawa rami shi ne a ɗauka yana maganin sata.

Abin da rauta ke shelantawa

Kowace rauta da ke kunne tana watsa wani gajeren saƙo cikin iska kusan sau goma a kowace daƙiƙa. A cikinsa akwai sunan da aka raɗa mata, wanda a jikin na'ura ake rubutawa SSID, da irin tsaron da take amfani da shi, da tashar da take kai, da lambarta ta ƙira. Wayarka saurare kawai take yi, sannan ta jera maka sunayen da ta ji.

Ka duba mai tallar fura. Tana tafe tana kiran hajarta, mai so ya fito. Ranar da aka ce ta yi shiru, ba ta daina yawo ba, ƙwaryarta na bisa kai, kowa na ganin giftawarta. Abin da ya sauya shi ne yanzu mai saye ne zai leƙo ya ɗaga murya: "Mai fura!" To haka ɓoyayyen wayfai yake. Rauta ba ta daina watsa saƙonta ba, gurbin suna kawai ta bari fayau. Aikin kira ya koma kan waya ko adafta. Ita za ta ambaci sunan, rauta ta amsa.

Duk abin da ya rage a babin nan daga wannan juyi ya fito. Na'urar da ba a gaya mata ta yi kira ba, zama za ta yi tana jiran shelar da ba za ta zo ba. Wadda aka gaya mata kuwa, ba ta san gida ba, ba ta san daji ba, ko'ina kira take.

Yadda ake haɗa adafta

Yawancin kwamfutocin tebur na gwanjo da ake gani a shagunan buga takardu ba su zo da wayfai ba. Sai a saya musu adafta, 'yar na'ura mai girman filashi da ake cusawa a ramin USB. Wasu dikodojin tauraron ɗan'adam ma irinta suke karɓa.

Abu na farko shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta magana da adaftar. Windows 10 da 11 sukan gane adafta da kansu. Windows 7, wanda har yanzu bai ƙare a shagunanmu ba ko da yake Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020, yakan nemi a sa masa da hannu. Faifan da ke cikin kwali ba shi da amfani idan kwamfutar ba ta da wurin sa faifai, kuma ba a sauke direba ba tare da intanet ba. Mafita ita ce a haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, a ara mata intanet ɗin wayar ta USB, a sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera adaftar. A lura, sunan da ke jikin kwali daban, ƙwaƙwalwar da ke ciki daban, galibi ta Realtek ce ko MediaTek. Dikodoji da yawa ba su yarda da kowace ba sai nau'in da aka yi su da shi, irin MT7601 ko RT5370, don haka a duba takardar dikoda kafin a biya kuɗi.

Bayan direba, abu uku ake bukata a hannu: sunan wayfai daidai yadda aka rubuta shi, nau'in tsaronsa, da kalmar sirri. A Windows 10 ko 11 a shiga Settings, a zaɓi Network & Internet, sai Wi-Fi, sai Manage known networks, a danna wurin ƙara sabon netwok. A rubuta suna, a zaɓi nau'in tsaro, wanda a yawancin gidaje WPA2-Personal ne, a sa kalmar sirri. A ƙasa akwai 'yan akwatuna biyu. Na biyun, mai cewa "Connect even if this network is not broadcasting", shi ne zuciyar aikin, domin shi ne umurnin da ke ce wa adafta ta yi kira da kanta. A wayoyin Android irin Tecno, Infinix da itel, ana shiga wurin ƙara netwok, a buɗe ƙarin zaɓi, a nemi Hidden network a mai da shi Yes. A iPhone kuwa Other ake dannawa a ƙasan jerin sunaye.

Ga amsar tambaya ta biyu nan. Kwamfutar shago ta san wayfai ɗin ne tun yana shela, ta adana shi a matsayin wanda ake jira. Da aka ɓoye suna, babu wanda ya gaya mata dokar ta sauya. A sa ta manta da shi, a sake shigar da shi da hannu, a danna akwatin nan, za ta kama.

Idan duk da haka ta ƙi

Wahalar ɓoyayyen suna ita ce ba ya gaya maka inda ka kuskure. Rauta ba ta amsa sunan da ba nata ba, ko da harafi ɗaya ne ya bambanta. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta, kuma madannin waya yakan ƙara fili a ƙarshen kalma ba ka sani ba. Akwai kuma tarkon da ya shafe mu musamman, wato haruffa masu ƙugiya. Ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ a suna daga wayarka, sai ka zo kan dikoda ko tsohuwar kwamfuta ka rasa inda za ka samo su. A kalmar sirri ma ƙa'idar ba ta tanade su ba. A bar su, a yi da baƙaƙen da kowane madanni yake da su.

Sai batun zango. Rautocin zamani suna watsawa a zango biyu, 2.4 da 5 GHz. Na 5 ya fi sauri amma katangar laka mai kauri tana karya shi, na 2.4 ya fi nisa da ratsa gini. Adaftoci masu araha, irin waɗanda aka rubuta wa 150 Mbps a kwali, na 2.4 kaɗai suke ji. Idan ɓoyayyen sunan yana kan 5, ko kwana aka yi ana gwadawa ba za su haɗu ba. Ko a cikin 2.4 ɗin, wasu adaftoci an saita su bisa dokar Amurka, tasha ta 1 zuwa ta 11 kawai suke dubawa, rauta kuma takan zaɓi ta 13 da kanta. Shi ya sa wani zai ce jiya tana yi, yau ta ɗauke. A shiga saitin rauta a tsayar da ita a tasha 1, 6 ko 11.

Idan an saita rauta a WPA3 zalla, tsohuwar adafta da Windows 7 ba za su iya shiga ba, sai a mai da ita gaurayen WPA2 da WPA3. Kuma kada a raina mazauni. Adaftar da aka cusa a bayan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin tebur, jikin bango, rabin ƙarfinta ya tafi. 'Yar igiyar ƙari ta USB da za ta ɗago ta sama takan yi abin da sabuwar adafta ba ta yi ba.

Sunan ba ya ɓoyuwa

Yanzu tambaya ta farko. Duk lokacin da wayarka ta kira rauta, sunan yana fita a fili, babu lulluɓi, domin ana ambatonsa ne kafin a kai ga kulle zance da kalmar sirri. Wanda ke kusa da laftof da manhajar sauraro, irin wadda ake samu kyauta, jira kawai zai yi wani ɗan gida ya haɗa wayarsa, sunan ya fito masa. Ɗalibin kwamfuta a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda ba zai sha wahalar wannan ba.

Ɗaya ɓangaren ya fi damuna. Wayar da aka koya wa kira ba ta dainawa idan ka bar gida. Kana kasuwar Shinkafi tana ambaton sunan, kana tashar mota a Gusau tana ambato. Kamfanin Apple ma shawararsa ita ce kada a ɓoye, kuma iPhone tana nuna gargaɗi idan aka haɗa ta da irin wannan netwok. Ba zan zuzuta abin ba, masu kai wa 'yan bindiga rahoto ba su bukatar laftof kafin su san waye wane. Amma a yankin da mutum ke ɓoye ranar tafiyarsa ko ga abokai, babu hikima a raɗa wa wayfai "Gidan Alhaji Wane" ko sunan shago, sannan a sa waya a aljihu tana faɗinsa a kowane gari. A zaɓi sunan da bai nuna kowa ba.

Mafi muni shi ne wanda ya ɓoye suna ya cire kalmar sirri, wai don sauƙin shigar 'yan gida. Wannan an gudu ba a tsira ba. Duk wanda ya ji sunan ya shiga, kuma duk rautar ƙarya da ta amsa wannan suna a wani wuri, wayarsa na iya bin ta ba tare da ta tambaye shi ba.

Inda tsaron yake

Tsaron gaskiya yana wuri biyu, nau'in kullewa da ingancin kalmar sirri. Tsarin farko, WEP, ya fito tare da ƙa'idar wayfai a 1997, masana suka nuna rauninsa a 2001. Kamfanin shaguna na TJX a Amurka ya ci gaba da amfani da shi, ɓarayi suka bi ta wayfai ɗin shagunansa, a 2007 ya sanar cewa an kwashe bayanan katunan kuɗi sama da miliyan 45. WPA ya zo a 2003 a matsayin faci, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Idan ka ga WEP ko WPA zalla a saitin rautarka, ka sauya yau. WPA2 mai AES ya isa gida, WPA3 ya fi idan na'urorinka sun iya.

Sai dai WPA2 yana da wata kafa. Mai sauraro na iya naɗar 'yar gaisuwar da waya da rauta ke yi lokacin haɗuwa, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi, dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, rautarka ba ta ma san ana yi ba. Wannan kafar ce WPA3 ya toshe. A WPA2 kuwa kalmar sirrinka ce kaɗai ke tsaye.

Mu kuma abin da muka fi so shi ne lambar waya. Tana da tsawo, lamba 11, ga sauƙin tunawa. Amma cire 0803 ko 0706 na farko, saura lamba 7, wato yiwuwa miliyan 10 kacal, aikin ƙasa da minti ɗaya ga kwamfuta mai ƙarfi. A 2021 wani mai bincike na kamfanin CyberArk ya zaga unguwannin Tel Abib ya tattara bayanan wayfai 5,000, ya buɗe kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma mafi yawan waɗanda suka faɗi lambar waya ce masu su suka sa. Balle a garin da lambarka ke rubuce a jikin allon shagonka. Nan ko kwamfuta ba a bukata.

Ƙa'ida ta yarda da harafi 8 zuwa 63. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, ka cusa lamba a tsakani, misali rakumi, tasa, 47, gulbi, alewa, a manne wuri guda. Dattijo zai iya riƙe ta, kwamfuta kuma za ta sha wuya. Wannan dai ta shiga littafi, kada ka ɗauke ta. Sunan 'ya'ya, shekarar haihuwa da sunan ƙungiyar ƙwallo duk a bar su.

Hanyoyin da ake mantawa

Rauta kalmar sirri biyu gare ta, kuma mutane ɗaya suka sani. Ta biyun ita ce ta shafin saiti, wanda ake shiga ta burauza da adireshi irin 192.168.0.1, 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A na'urori da yawa tana zuwa a matsayin admin, kuma haka ake barinta. Yaron da ka sa wa wayfai sau ɗaya zai iya shiga nan ya ga komai, ya sauya komai, har ya kore ka daga abinka.

Ga kuma takardar da ke manne a jikin na'ura. A MiFi tana ƙarƙashin murfi, kusa da batiri, ɗauke da suna da kalmar sirrin da kamfani ya sa. Ranar da babu wuta ka aika da ita shagon caji, ta wuni a kan tebur cikin wayoyi hamsin. Buɗe murfi da ɗaukar hoto bai kai daƙiƙa goma ba. Wanda bai sauya kalmar kamfani ba, ya riga ya raba ta.

WPS, maɓallin haɗawa ba tare da rubuta kalma ba, a kashe shi. A ƙarshen 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa lambar shigarsa mai lamba 8 ana duba ta ne rabi-rabi, ta ƙarshe kuma ta lissafi ce, don haka gwaji 11,000 ya isa a buɗe. Tace na'urori da lambar ƙirarsu, wanda wasu masu gyara ke yabawa, bai taka kara ya karya ba. Ana iya kwaikwayon lambar, kuma tun Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙirar lambar wucin gadi, sai ka wayi gari ka kulle matarka a waje.

Amma a ganina babbar ɓaraka a garuruwanmu ba ta bukatar gwaninta ko kaɗan. Tun Android 10, duk wayar da ke kan wayfai tana iya nuna hoton QR da wata waya za ta ɗauka ta shiga, da sunan da kalmar duka, ɓoyayye ne ko bayyananne. Ka karɓi wayar yaro ka rubuta masa da hannunka don kada ya gani, ya fita zaure ya raba wa abokai biyar. Maganin wannan shi ne wayfai na baƙi, idan rautarka na da shi: suna daban, kalma daban, ka sauya ta duk lokacin da ka ga dama ba tare da ka taɓa wayoyin gida ba. Kuma ka riƙa leƙa jerin na'urorin da ke haɗe a shafin saiti. Gida mai waya shida bai kamata ya nuna goma sha huɗu ba.

Maganar ta wuce data. Layin da ke cikin rautarka da sunanka aka yi masa rajista, an haɗa shi da lambarka ta NIN. Wanda ya zauna a bayan katangarka ya aika saƙon barazana ko ya yi damfara, idan aka bi sawu ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba izini, amma kafin a tantance wanda ya shiga, kai ne za ka yi bayani.

To, a ɓoye ko a bari?

Idan damuwarka roƙon maƙwabta ce, kuma na'urorin da ke hawa wayfai ɗin na zaune ne, kwamfutar shago da dikoda da talabijin, ɓoye abinka, ba su zuwa ko'ina balle su yi ta kira. Idan wayoyin da ke yawo ne suka fi yawa, na fi son a bar sunan a fili, a sa wanda bai nuna gidan kowa ba, kalmar sirri ta yi aikinta. Wanda ya daina ɓoyewa kuma ya tuna ya sa kowace waya ta manta da tsohon saitin, ya sake haɗa ta, in ba haka ba kiran ba zai tsaya ba.

Duk wannan a kan wayfai ɗin da kai ne mai shi. Amma da yawa daga cikin masu karanta littafin nan ba su da rauta, tikiti suke saye na awa ɗaya ko na wuni a wurin mai Starlink na bakin kasuwa, su hau tare da mutum talatin da ba su sani ba, su buɗe manhajar banki a kai. Me mai wayfai ɗin ke iya gani, me na kusa da kai ke iya gani, kuma mai POS ya kamata ya hau irin wannan layi? Babi na 7 zai ɗauki wannan.